Silinda Ta Uku

Na kawo ta Kurmin Mashi a jaye,
da igiya, bayan wata akori-kura:
Fijo 504 ɗin Baba, fara ce a da,
yanzu launin kunun da ya kwana.
'Yan Panteka sun riga sun taya.
Yaya Sa'idu ya ce a sallama, me ake jira?

Malam Jatau bai ce uffan ba.
Ya kwance fulogi huɗu, ya jera su bisa tsumma,
ya juya injin da sifana, sannu-sannu,
har fistin na ɗaya ya hau ƙololuwa,
bawul biyu suka rufe baki.
Ya ɗaura tiyo mai agogo biyu,
ya ce da yaronsa Ishaku, "Kashe rediyon nan,
ka roƙi mai walda ya ɗan saurara."

"Agogon farko, abin da na ba ta ne.
Na biyu, abin da ta iya riƙewa.
Babu injin da ba ya yoyo,
ko ranar da ya fito fil daga Kakuri.
Tambayar ita ce: nawa, kuma ta ina?"

Ta ɗaya, kashi takwas cikin ɗari. Ya gyaɗa kai.
Ta biyu, sha biyu.
"Shekara arba'in ba wasa ba ce," in ji shi,
"ni ma gwiwata ta zubar da fiye da haka."

Ta uku.
Allura ta zube kamar guga ya tsinke a rijiya.
Arba'in da biyar.
Zuciyata ta yi wani abu,
ba zan kira shi baƙin ciki ba.

Ya ajiye hularsa bisa batir.
Ya kara kunne a bakin kafireto: shiru.
"Bawul ɗin shiga bai da laifi."
Ya buɗe lagireto, muka leƙa tare,
ruwa kwance, ko kumfa ɗaya babu.
"Gasket lafiya."
Ya cire murfin baƙin mai, ya daɗe a sunkuye,
nan ne hukuncin yake, na sani:
in ringi ne, sai a sauke inji,
in aka sauke inji, kuɗin ya fi ƙarfina,
in ya fi ƙarfina, hannuna ya fita,
ba wanda zai ce ɗa ya sayar da motar ubansa da gangan.

Raɗa kawai ya ji, irin ta tsufa.

Ya zagaya baya, ya durƙusa cikin taɓon ruwan jiya,
ya sa tafin hannu a bakin salansa.
"Zo ka ji."
Iska mai sanyi, siririya,
tana fita ba tsayawa
kamar tsakin Baba in ya ga mun taka kujera da takalmi.

"Bawul ɗin fita ne. Ko ya ƙone, ko ƙunar mai ta tokare shi.
A ɗaga kai, a goge mazauninsa.
Kwana uku. Ba mutuwa ba ce, gyara."

Ta huɗu ta ba da goma, ban ma duba ba.
Ina tsaye da wayata a hannu,
lambar ɗan Panteka na haske, tana kira.
Na zo ne a ba ni takardar mutuwa
in kai gida in nuna wa Inna,
sai ga shi an ce tari ne.

Hadari ya taso daga wajen Kawo.
Ishaku na tattara sifanu kafin yayyafi.
Malam Jatau yana goge hannu da fetur,
bai dube ni ba ya ce,
"Agogo ya faɗi nasa.
Naka ya rage. In fara?"

Na juya wayar, fuskarta a ƙasa, bisa bonet.
Ta ci gaba da ƙara.